Wata shida ina shan ƙwayar da ban san sunanta ba

Ni tela ne a Birnin Kebbi, kuma hawan jini ya daɗe tare da ni. Ina cikin masu zuwa wani babban asibiti a nan garin ranar da aka ware wa masu irin ciwonmu. Shan maganina ya danganta da kasuwa. In ɗinki ya yi auki, kamar gabanin Sallah ko lokacin bukukuwa, sai in sayi na wata guda. In kasuwa ta yi sanyi, sai in sayi kaɗan in riƙa tsallake rana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabo, kuma yawancin waɗanda muke zama kan benci ɗaya muna jiran likita haka suke yi, ko da ba su faɗa ba.

Wata rana bayan likita ya gama duba ni, sai ya ce, "Baba, akwai wani bincike da ake yi kan maganin hawan jini, ana neman masu sa kai. In kana da lokaci akwai wadda za ta yi maka bayani. Ko ka shiga ko ba ka shiga ba, katinka na nan, kuma ni zan ci gaba da ganinka."

Ma'aikaciyar jinyar da aka haɗa ni da ita yarinya ce sa'ar 'yata ta fari. Ta kai ni wani ɗaki, ta rufe ƙofa, ta miƙo mini takardu da Hausa, ta riƙe irinsu, ta fara karantawa da ƙarfi ina bi da ido. Abin da ake son ganowa shi ne, tsakanin haɗin magani iri biyu, wanne ya fi saukar da jini a jikin mutanenmu. Duka magungunan suna da rajistar NAFDAC, ana sayar da su a kemis. Ba ni zan zaɓi wanda zan sha ba, ba kuma likita ba, kwamfuta ce za ta yi ƙuri'a. Za a zuba su cikin kwalabe iri ɗaya masu lamba, ta yadda ni da likitan ba wanda zai san abin da ke ciki sai an gama. Ta ce a wasu binciken akan ba wasu mutane ƙwayar da ba magani a cikinta don a kwatanta, amma a wannan babu haka, kowa magani na gaske zai sha, domin ba a barin mai hawan jini haka nan.

Daga nan ta shiga abin da ka iya faruwa, kuma ba ta yi sauri a wurin ba: jiri, kumburin ƙafa, busasshen tari, yawan fitsari, da wani kumburin leɓe ko harshe da ba kasafai yake faruwa ba amma in ya faru a garzayo asibiti ko da tsakar dare ne. Ta faɗi yawan jinin da za a riƙa ɗiba, ta auna mini shi da cokali. Ta ce ina da ikon fita duk ranar da na ga dama ba sai na ba da dalili ba. Da ta gama sai ta ajiye takardar ta ce, "To Baba, yanzu kai ka gaya mini abin da ka fahimta." Na maimaita mata. Inda na karkace ta gyara. Na ɗauki biro zan sa hannu, ta ce a'a, in tafi da ita gida in yi shawara tukuna.

Uwargida tana jin kalmar gwaji ta ajiye abin da ke hannunta. Ita damuwarta jini ce. Ta ce, "Maigida, mi za su yi da jininka? An ce sayarwa suke yi." Na karanta mata wurin da aka yi maganar, ta yi shiru, amma ba shirun yarda ba.

Yayana ne ya fi tsanani. Ya yi zaman Kano yana fataucin yadi, kuma yana can a 1996 lokacin da annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum dubu goma a ƙasar nan. A cikin wannan tashin hankalin ne kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su ceftriaxone, maganin da aka saba ba masu sanƙarau. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, ba maganin ba. Iyaye kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin da aka nuna, bayan an gama aikin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Yaya bai riƙe alƙaluman nan duka ba, ɗana ne ya nemo mana su a waya daren nan, amma ya riƙe fuskokin mutanen da ya gani a ƙofar asibiti.

Ya ce, "Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin da ka je da ciwo ya ce sai ka biya kuɗin kati, yau shi ne zai ba ka magani kyauta wata shida, har ya biya maka kuɗin mota? Mi ya kai ka wanga abu?"

Ban yi masa gardama ba, domin ba ƙarya ya faɗa ba, kuma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin da ya faru a Kano yana cikin dalilan da suka sa a 2003 Kano da Kaduna da maƙwabtanmu Zamfara suka dakatar da ɗigon shan inna, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka wasu ƙasashe, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Cin amana ɗaya yana da hannu a wannan duka. Duk mai zuwa Arewa da takardar bincike a hannu, ya sani da wannan bashin ya tarar da mu, kuma ba shi da hurumin jin haushi in an tsare shi da tambaya.

Na je wurin malaminmu bayan sallar Asuba. Ya sa na karanta masa takardar daga farko har ƙarshe. Ya ce neman magani umarni ne, kuma Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba bai sani ba. To ta yaya za a sani in ba a bincika ba? Amma ya ce ƙa'idar ita ce ba cuta ba cutarwa, saboda haka in tabbatar da abu biyu: ba a ɓoye mini haɗari ba, kuma ƙofar fita a buɗe take da gaske.

Na koma asibiti da tambayoyina a rubuce a bayan littafin awo. Wannan karon babban likitan binciken na nema, aka kuwa kai ni.

Na fara da wa ya ba su izini. Ya buɗe fayil ya nuna mini takardar kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, wanda ya ce yana ƙarƙashin kwamitin ƙasa da ke Abuja, NHREC, mai dokokin da aka fitar a 2007, sannan ga takardar NAFDAC. Kwanan wata na fara dubawa, saboda abin da na ji daren jiya. Ya lura, ya ce na kyauta. Ya nuna mini lambar wayar kwamitin a ƙarshen takardata, ya ce in su masu binciken ne suka saɓa mini, can zan kai ƙara, ba wurinsu ba. Ya ƙara da cewa akwai wasu masana daban, waɗanda ba sa cikin aikin, da ke leƙa sakamakon lokaci-lokaci, kuma suna iya cewa a tsaya in suka ga wani ɓangare yana cutuwa.

Na ce to in magungunan suna kasuwa, mene ne kuma na gwaji? A nan ya gyara zama. Ya ce yawancin magungunan hawan jini a jikin Turawa aka fi gwada su, alhali an daɗe da sanin wasunsu ba sa aiki a jikin baƙar fata kamar yadda suke yi a nasu. Ya ba ni misalin wani bincike da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, wanda aka fitar a 2019, inda mutum 728 daga ƙasashen Afirka shida suka sa kai. Aka gano haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi wanda ba shi da shi saukar da jini. Ya ce, "Baba, maganin da aka daɗe ana rubuta maka, da irin wannan sakamakon ake zaɓensa. Wasu ne suka zauna inda kake zaune."

Jinina kuwa, ya ce a ɗakin gwajin asibitin za a auna aikin ƙoda da suga da gishirin jiki, da lamba a jikin kwalbar ba suna ba. Akwai wani layi daban a takardar da ke tambaya ko na yarda a adana ragowar don wani bincike nan gaba. Ya ce wannan zaɓi ne mai zaman kansa. Na ce ban yarda ba, aka yi alama a wurin a'a, ba wanda ya canja fuska. Na tambayi yadda za a yi in na faɗi cikin dare aka kai ni wani asibiti, tunda ba wanda ya san abin da nake sha. Ya nuna mini wani ɗan kati da zan riƙa yawo da shi a aljihu, mai lambata da lambar waya da ake ɗauka dare da rana; in ta kai ga haka, za a buɗe sirrin a gaya wa likitan da ke kaina, kuma jinyar duk wata illa da maganin ya jawo a wuyansu take.

Tambayar ƙarshe ita ce wadda amsarta ba ta gamsar da ni ba. Na ce bayan wata shida fa? Ya ce za a ba ni na wata guda in riƙe, sannan in koma saye kamar da. Bai yi mini daɗin baki ba, kuma wannan ya ƙara mini natsuwa da shi, ko da yake maganar ta tsaya mini a rai. Na sa hannu, ya sa nasa, aka ba ni kwafi. A gabana wani dattijo daga Kalgo wanda bai yi boko ba ya dangwala yatsa, bayan an karanta masa a gaban wani ɗan'uwansa da ya tsaya a matsayin shaida, domin ba a yarda ma'aikacin binciken ya zama shaida ba.

Sa hannu ba shi ne shiga ba. Sai an tantance. Aka zaunar da ni in huta, ba magana, ƙafa a ƙasa, kafin a auna jinin sau uku a jere. Aka ɗebi jini da fitsari, aka manna mini wayoyi a ƙirji aka ɗauki bugun zuciya, aka auna tsawo da nauyi. Wani maƙwabcina mai sayar da kayan babur da ya biyo ni don jin ana ba da magani kyauta, a nan aka tsayar da shi. Gwaji ya nuna ƙodarsa ta fara taɓuwa, abin da bai taɓa sani ba. Ya fito yana faɗa, yana cewa an yi son kai. Amma takardar da aka rubuta masa zuwa wurin likitan ƙoda ita yake bi har yau. Mata kuwa sai an yi musu gwajin ciki, domin wasu magungunan hawan jini suna illata ɗan tayi. Na ji wata tana tambaya ko dabara ce ta hana haihuwa, ma'aikaciyar ta zauna ta yi mata bayani a tsanake. Na kuma ji ta gaya wa wani magidanci cewa izininsa yana da muhimmanci, amma ba zai tsaya a madadin yardar matarsa ba, dole ita ma a ji ta bakinta ita kaɗai.

Abin da ba zan manta ba shi ne na'urar kwana ɗaya. Wani ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, aka rataya mini a ƙugu, da siririn tiyo da ya bi ta cikin riga zuwa abin da aka ɗaura a damtsen hagu. Lokaci-lokaci sai ya yi ƙara ya kumbura ya matse hannun, kuma an ce da na ji ya fara in saki hannu in tsaya cik. Ina tsakiyar yanka shadda sai in ajiye almakashi. A sallar La'asar ina ruku'u ya tashi, na kusa da ni a sahu ya ji, bayan sallama na ɗaga hannun riga na nuna musu, aka yi ta tambaya. Alwala ba matsala tunda yana sama da gwiwar hannu, wanka ne dai sai da aka cire. Da dare yana tashe ni yana mayarwa. Washegari aka jona shi da kwamfuta, sai ga wani layi mai hawa da sauka. Likita ya sa yatsa ya ce ga lokacin da kake shago, ga lokacin da ka kwanta. Ya ce jinin mai lafiya yakan sauka in ya yi barci, nawa kuwa bai sauka ba, yana nan sama da 140 har gari ya waye, kuma da asuba ya ƙara hawa. Shekaru ina auna ciwona da ciwon kai: in kai bai yi ciwo ba, lafiya lau. Ranar na gane ciwon ba ya barci ko da ni na yi, kuma a haka yake cin ƙoda da zuciya, a haka yake kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki irin wadda ta kwantar da mahaifinmu.

Ƙuri'ar kanta ba wani abin kallo ba ne. Aka shigar da lambata, kwamfuta ta fitar da lambar kwalba, mai ba da magani ya ɗauko daga kabad. Farar kwalba, ba sunan kamfani, ƙwaya ɗaya kullum da safe.

Daga nan sai zuwa a kan ranakun da aka rubuta a kati. Kowane zuwa da kwalbar nake tafiya, a zazzage ragowar a faranti a ƙirga. Ma'aikaciyar ta ce in na manta ban sha ba in faɗa, kada in zubar don lissafi ya yi daidai, domin ƙwayar da aka ɓoye tana iya sa a yi wa magani mai kyau shaidar banza. Tambayoyi iri ɗaya kullum: ka sha wani magani daban, ko na gargajiya, ko jiƙo? Ka yi jiri? Yaya barci? An yi mana maganar gishiri, cewa duk abin da mutum zai ci a yini kada ya wuce giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Wannan sai da uwargida ta shigo ciki, domin tukunya a hannunta take.

Bayan 'yan makonni ƙafafuna suka fara kumbura. Da safe lafiya, amma kafin Magariba takalmi ya matse, in na taka keken ɗinki sai in ji idon sawu ya yi nauyi. Uwargida ta ce, "Ka gani ko?" Yaya ya aiko a gaya mini in watsar da kwalbar. Na ɗauko katin na kira. Aka ɗauka, aka ce in zo da safe ba sai ranata ta yi ba. Likita ya danna ƙaurina da babban yatsa, wurin ya lotsa ya daɗe bai taso ba. Ya saurari ƙirji, ya sa aka sake duba ƙoda, ya ɗauko wata takarda ta musamman ya rubuta ranar da abin ya fara da girmansa. Na ce masa na ji amlodipine ke kawo haka, ke nan shi nake sha. Ya ce shi ba zai yi canke ba, kuma mai wuni zaune ƙafa a rataye cikin zafi yana iya kumbura ko ba magani. Ya ce zuciya da ƙoda lafiya, in riƙa ɗora ƙafa kan matashi da dare, in riƙa tashi ina ɗan takawa a shago. Sannan ya tambaye ni kai tsaye, "Baba, za ka ci gaba ko a tsaya nan?" Jinina a ranar ya sauka inda ban taɓa ganinsa ba tun da aka fara auna ni. Na ce mu je.

Wani direba da muka shiga tare, shi busasshen tari ya dame shi har yana hana shi barci, ga shi yana kwana a hanyar Jega zuwa Yawuri. Ya ce ya gaji, ya fita. Na sa ido sosai in ga yadda za a yi da shi, domin a nan ne zan san ko abin da ke takarda gaskiya ne. Aka karɓi kwalbarsa, aka yi masa awon ƙarshe da yardarsa, aka rubuta masa wani magani. Daga baya na gan shi kan bencinmu na da, likitan nan dai yana duba shi suna raha. Wannan ya fi duk wani hatimi da aka nuna mini ƙarfi a wurina.

Azumi ya same mu a tsakiya, ga zafin Birnin Kebbi, ga ɗinkin Sallah ya taru ana kwana a shago. Tun kafin a ga wata aka kira mu aka mayar da shan ƙwayar zuwa bayan buɗa-baki, aka rubuta a fayil. An gargaɗe mu cewa ƙishirwa da magani in sun haɗu jini na iya faɗuwa ƙasa sosai, in mutum ya ji duhu-duhu a ido in ya miƙe, ya zauna, in abin ya ci gaba ya sha ruwa ya kira. Malam ya ce haka shari'a ta ce, ya rama daga baya. Ya kuma ce ɗan jinin da ake ɗiba don gwaji ba ya karya azumi. Wasu duk da haka ba su natsu ba, aka ɗaga musu ranar zuwa bayan Sallah ba tare da jayayya ba.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Wani zuwan sai ka wuni, mai ɗibar jini ya tafi wani aiki, kai kuma ka rufe shago. Kuɗin motar da ake bayarwa ya ishe ni ni da nake hawa kabu-kabu daga cikin gari, amma wanda ya taso daga Bunza ko Gwandu, wunin da ya rasa a gona ko kasuwa ba a lissafa shi ba. Akwai lokacin da kuɗin ya makara, aka ce mu yi haƙuri sai zuwa na gaba, alhali akwai wanda rance ya ci ya zo. An ce da gangan ba a yawaita kuɗin, don kada ya zama an sayi yardar mutum, kuma na fahimci hikimar. Sai dai a wurinmu ba kuɗin mota ne ke jan mutane ba, maganin kyauta ne. Ni ma yana cikin abin da ya ja ni. Mutumin da ba ya iya sayen ƙwayar wata, a'a ɗinsa ba ta da ƙarfi irin ta mai hali, ko da an karanta masa haƙƙinsa sau goma. Shi ya sa nake ganin nauyin ya fi yawa a kan masu binciken: su ne za su ja wa mutum birki in ya yi saurin ɗaukar biro, kamar yadda yarinyar nan ta yi mini.

Ina cikin wannan ne aka kai jikata, 'yar wata biyar, asibitin unguwa aka yi mata sabuwar allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro. A watan Disamba na 2024 aka fara ba da ita a Najeriya, kuma da Kebbi da Bayelsa aka fara. Ba abin mamaki ba ne a fara da mu: binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Kebbi, mafi yawa a duk ƙasar, kuma duk wanda ya san fadamun shinkafar Argungu da Suru da damina ya san dalili. Allurar, R21, a Jami'ar Oxford ta Ingila aka ƙirƙiro ta, a Indiya ake sarrafa ta, amma a jikin yara 4,800 na Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya aka yi babban gwajinta, inda a wuraren da zazzaɓin ke zuwa da damina irin namu ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin ɗari a shekarar farko. Iyayen yaran nan talakawa ne irinmu, da yawansu Musulmi, manoma, kuma su abin da suka yarda da shi ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba: ni tsohon magani aka jarraba a jikina, su sabuwar allura aka yi wa jariransu ba a san ƙarshenta ba. Ba su san jikata ba. Ina riƙe da katin rigakafinta na ji cewa ba daidai ba ne kullum mu zama masu miƙa hannu a ƙarshe, wasu su ɗauki kasadar. Kuma in ba a gwada a jikinmu ba, da zafinmu da abincinmu da azuminmu, to kullum da awon wani za a riƙa yanka mana riga.

A zuwan ƙarshe aka sake ɗaura mini na'urar kwana ɗaya. Wannan karon layin dare ya kwanta ƙasa. Aka ɗebi jini, na mayar da kwalba, aka ba ni maganin wata guda mai suna a jiki da takardar komawa layinmu na da. Wanda na sha wata shida kuwa ba a gaya mini ba, sai kowa ya gama an rufe lissafi. Akwai wurin da aka bari a takardar ƙarshe don mai son ƙarin magana. Na sa aka rubuta abu biyu: in sakamako ya fito a tara mu a gaya mana da Hausa, baki da baki, kada mu ji a rediyo ko ya tsaya a takardun Turanci, kuma duk haɗin da ya yi nasara a nemi hanyar da zai samu a kantin maganin asibiti da kuɗin da tela da direba za su iya biya. An ce za a kira mu, na bar lambar wayata da ta ɗana.

Yanzu na koma saye. Kuɗin magani shi nake fara warewa kafin na zare da shafi, kuma na sayi abin awo na gida wanda uwargida ta iya ɗaurawa. Da shi muka auna Yaya wata rana da ya zo gaisuwa, muka samu nasa ya fi nawa na da. Na raka shi asibiti, aka ɗora shi kan magani, yana sha. Da ma'aikaciyar nan ta gan mu ta gaishe shi, ta ce akwai wani binciken da za a fara in yana son jin bayani. Ya ce, "'Yata, magani zan sha, amma hannu ba zan sa ba." Ta ce ba komai Baba, ta rubuta masa ranar dawowa.